Ranar da Sista Ta Faɗi Nata Kafin Ta Ji Nasu

A Tudun Fulani ba a san ni da sunana ba, mijin Sista ake ce mini. Na daɗe ina koyarwa a firamare, alli ya ci yatsuna, 'ya'yan unguwar da yawa a hannuna suka koyi baƙi da wasali, amma baƙon da ya zo neman gidana da sunana sai ya sha yawo. In kuwa ya ce gidan Sista mai karɓar haihuwa, ko mai tallan gyaɗa za ta nuna masa. Ba na nuna abin yana damuna. Ina dai jinsa, kamar tsakuwa a cikin takalmi.

Ita 'yar Kagara ce. Aiki ya kawo ta Minna, ni kuma a unguwar Limawa ta cikin garin aka haife ni, can muka haɗu lokacin da take zuwa duba wata yayata mai jego. Mun yi aure a shekarar da aka mai da Minna babban birnin jiha, gari ya cika da baƙi da motocin yashi, tsadar haya ta kore mu daga cikin gari muka koma Tudun Fulani, inda a lokacin gonakin doya suka fi gidaje yawa. Ana dab da ɗaurin aure gwaggona, wadda aka tura Kagara binciken asali, ta ja ni gefe ta ce gidan mutunci ne, ba a samu komai ba, sai dai an ce wani ɗan kasuwa ya taɓa nemanta, magana ba ta yi nisa ba. Ta faɗi sunansa. Na ce mata ai kowace mace an taɓa nemanta. Na yi dariya, amma sunan ban yar da shi ba.

Bayan wasu shekaru sai ga mai sunan ya tare a unguwarmu da iyalinsa. Dillalin doya da hatsi ne, dogo, mai sanyin murya, ya je Makka ya dawo da haƙori mai walƙiya. Alhaji kowa ke ce masa. A masallaci yakan ba ni hannu biyu ya ce, "Malam, ya iyali, ya ɗalibai?" ni kuma in amsa, in koma gida ina jin ƙamshin turarensa a tafina. Bai taɓa yi mini ko kallon banza ba, wannan ma yana cikin abin da ke ba ni haushi. Duk haihuwar da matarsa ta yi a unguwar Sista ce ta karɓa. Za a aiko, ta ɗauki jakarta ta fita, ta dawo ta wanke hannu ta ce an samu mace ko an samu namiji, shi ke nan. Ban taɓa ɗaga mata maganar ba, ita ma ba ta taɓa ɗaga mini ba. An ce kishi kumallon mata ne. Wanda ya faɗa bai leƙa cikin maza ba, mu dai haɗiye namu muke yi.

Rigimar da ta tono abin a kan injin niƙa ta tashi, cikin shekarun mulkin soja. Alhaji yana da amini, wani Kirista mutumin kudancin Kaduna, makanikin jirgin ƙasa da ya yi ritaya. Tare suka sayi fili a bakin titi a hannun wani dattijo manomi, Bagwari, wanda kakanninsa ke noma wurin tun kafin a san za a yi unguwa. Makanikin ya kafa injin niƙa a gaba, Alhaji ya gina ɗakin ajiyar kaya a baya, suka haƙa rijiya ɗaya a tsakiya. Ba su ja iyaka ba, don a ganinsu jan iyaka tsakanin aminai abin kunya ne. Da makanikin ya rasu, matarsa, wadda ake kira Maman 'yan biyu, ta ci gaba da juya injin, da shi take ciyar da yara. Sai Alhaji ya ce yana so ya jera shaguna a bakin titi, a mai da injin baya. Ita kuma ta ce injin da mijinta ya dasa da hannunsa ba mai tumɓuke shi, kuma wace mace ce za ta zagaya bayan shaguna da ƙwaryar dawa a ka alhali ga wani injin can gaba a sarari?

Mai unguwa ya gwada raba su, ta ce duk waɗanda ya tara sahu ɗaya suke tsayawa da Alhaji. Ta kawo dattijon cocinsu, Alhaji ya ce shi ma ai benci ɗaya suke zama da ita. Magana ta fara sauya kama. Matan wasu gidaje suka daina kai mata niƙa, samarin cocin suka fara zama a bakin injin da yamma ba don niƙa ba. Kowa ya ga in aka je kotu, ko wa ya ci, unguwa ce za ta faɗi. Nan ne Maman 'yan biyu ta ce ita mutum ɗaya ta yarda ya raba su, Sista, wadda ta shiga ɗakin kowa a ranar da ba a iya ɓoye komai. Aka kai wa Alhaji. Mai unguwa ya zo neman izinina, don ba a sa matar mutum a irin wannan sai da yardarsa, yana ta murna ya ce mini, "Malam, ko numfashi bai ja ba ya ce ya amince."

Ko numfashi bai ja ba. Mutumin da ya yi makonni yana taurin kai a kan taku ɗaya na fili. Ruwa ba ya tsami banza. Amma me zan ce wa mai unguwa? In na hana sai na faɗi dalili, dalilin kuwa ya fi ƙarfin bakina. Na ce Allah ya sa a rabu lafiya.

Da la'asar na same ta a tsakar gida tana goge farar rigar aikinta da dutsen guga na gawayi. Na zauna a kan turmi, na yi ta kewaye-kewaye, daga baya na ce ta janye.

"In ce musu me?" ta tambaya, ba ta ɗago ba.

"Ki ce mijinki ya hana."

"Kai ka ba mai unguwa izini, Malam. In ka fasa, je ka faɗa masa da bakinka, ni mai bi ce."

Ta san ba zan iya ba. Sai na sake hanya. Na ce, "To ki faɗa musu. Matar nan ba ta san abin da ya gudana tsakaninki da Alhaji a Kagara ba. Mu a makaranta, in ɗanka na cikin masu rubuta jarrabawa, sai ka gaya wa hedimasta tun kafin a ba ka tsaron ajin, ko da kuwa kai waliyyi ne."

Ta ajiye dutsen gugar a kan murfin kwano. "Ashe ka sani."

"Tun kafin a ɗaura."

"Ka kuma zauna da shi duk shekarun nan."

"Ke ma ai kin zauna da shi."

"Me aka ce maka?"

"Ya neme ki, magana ba ta yi nisa ba."

Ta daɗe tana kallona, irin kallon da take yi wa mai ciki in ta zo awo da lissafin wata ba daidai ba. Sannan ta ce tun ranar da aka ambaci sunanta abin ke cinta. In ta yi shiru, ta cuci Maman 'yan biyu, wadda ta ba ta amana ido rufe. In ta janye ba dalili, an koma maganar kotu. In kuma ta faɗa, to matar aure ce za ta tsaya gaban maza ta ambaci wani namiji, matar Alhaji za ta ji, 'ya'yanmu za su ji a bakin rijiya. Ta ce, "Ka tabbata kana so a faɗa a gaban mutane?"

Na ce gaskiya ba ta jin kunya. Da ƙarfi na faɗa, kamar ina gaban aji. A raina kuwa lissafi ɗaya nake: da zarar ta faɗa, dangin Maman 'yan biyu za su ce ba su yarda ba, a nemi wani, matata ta dawo gida. Da ta ce in ba ta lokaci ta yi tunani, sai na fassara shi yadda zuciyata ke so, na ce mutuncin Alhaji take karewa.

'Yan kwanakin da suka biyo baya ban ji daɗin abinci ba. In ta yi shiru in ce Kagara take tunawa. In ta yi 'yar waƙa tana wanke-wanke in ce wa ya sa ta nishaɗi? Ta ciro wani mayafi ruwan toka daga ƙasan akwati ta shanya don ya sha iska, na tsaya ina tambayar kaina ko ni na saya mata shi, ko da shi ta zo daga gida. Na kasa tunawa, wannan ya ƙara mini zafi. Wata rana na taso daga makaranta na bi ta gaban ɗakin ajiyar Alhaji, hanyar da ba tawa ba, na gan shi zaune a kujera ana sauke doya, yana dariya da leburori. Na ce a raina wannan dariyar mai tabbacin nasara ce.

Da yake ba wanda ya yarda a zauna a zauren ɗaya ɓangaren, sai aka roƙi hedimasta aron aji ranar Asabar da hantsi. Ajina aka bayar, mabuɗi a hannuna. Da safe ta ce mini, "In ka buɗe kada ka tafi. Ka zauna."

Har yanzu ina ganin ajin. Manyan mutane sun takure a kan bencin yara, gwiwoyi sun kusa taɓa haɓa. Alhaji da ƙannensa biyu a gefen taga, babbar rigarsa ta zubo har ƙasa tana sharar ƙurar alli. Maman 'yan biyu a ɗaya gefen, tare da dattijon cocinsu da ƙanin mijinta, tsohon ɗan sanda mai gajeren haƙuri. Mai unguwa a tsakiya. Dattijon da ya sayar da filin an kira shi shaida, yana zaune a bakin ƙofa da sandarsa. Sista kuma a kan kujerata, bayan teburina, ƙarƙashin allon da ban goge ba. Ni ina can baya, inda nake zaunar da marasa ji.

Mai unguwa ya yi addu'a, dattijon coci ya yi tasa, aka ce Alhaji ya fara. Sista ta ɗaga hannu.

"Kafin kowa ya buɗe baki, ni zan fara," ta ce. "Maman 'yan biyu, ke kika ambaci sunana, amma akwai abin da ba ki sani ba lokacin da kika ambata. Alhaji kuwa ya sani lokacin da ya amince. Bai kamata ɗaya ya shigo da ido biyu ɗaya ya shigo a rufe ba. Tun ina budurwa a Kagara, Alhaji ya nemi aurena."

Na gyara zama, na ce yanzu ɗan sandan zai miƙe a tashi. Sai na ji ta ci gaba.

"Ba nema kawai ba. Na amince masa, iyayena sun amince, har an sa rana. Ya tafi fatauci kudu ya ce in jira shi. Na jira shi damina biyu, duk wanda ya zo na sallame shi. Labarin aurensa a bakin mutane na ji, a kasuwa. Shi ya sa na bar garin na shiga koyon wannan aikin."

Na ji kamar an zare bencin daga ƙarƙashina. An sa rana. Damina biyu. Ko dai 'yan Kagara sun rufa wa gwaggona asiri, ko ita ta rufa mini. Ba neman ne ya soke ni ba, wannan na daɗe da shi. Jiran ne. Ni lokacin da nake nemanta ba ta taɓa jirana ko na rabin yini ba, in na makara sai in tarar ta ɗauki jakarta ta tafi aiki, in yi ta yaba mata a raina ina cewa mace ce mai kama kai. Ashe an riga an cinye jiranta ne kafin in zo.

"Ba don tonon silili na faɗa ba," ta ce. "Allah ya musanya mini da alheri, ga mijina can zaune, shi ma ya ce in faɗa. Amma zuciya ba a shaidarta. Ke kina iya jin tsoron in karkata gare shi saboda da. Shi kuma yana iya jin tsoron in rama. Ni kaina in na rantse cewa babu ko ɗaya a cikina na yi ganganci, abin da zan iya cewa shi ne zan yi iyakar ƙoƙarina. Duk wanda bai yarda da ni ba ya faɗa yanzu, ba zan ji haushi ba. Gobe in naƙuda ta tashi a gidansa ya aiko, zan zo."

Shi ma ya ce in faɗa. Kawuna suka juyo baya gaba ɗaya. Na sunkuya ina kallon sunayen da yara suka karta a jikin bencin. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.

Ɗan sandan ya miƙe kamar yadda na zata. "Mun gode, Sista, amma mu tashi. Wannan ai an gama shari'a tun a Kagara."

Maman 'yan biyu ta kama gefen rigarsa ta ja shi ya zauna. Hausarta irin ta mutanen wajensu ce, kowa "kai" ne a wurinta, mace ko namiji. Ba Sista ta fara duba ba, Alhaji ta duba.

"Alhaji, me ya sa kai ba ka faɗa ba?"

Ya shafa gemu ya ce ya ɗauka abin da ya wuce ya wuce.

"In ya wuce, me ya sa ka yarda da sauri haka?"

Ya sunkuyar da kai. Ɗaya daga cikin ƙannensa ya leƙa taga kamar an kira shi. Ta juya wurin Sista ta ce, "Ni na yarda da kai. Da kana so ka cuce ni, da ka yi shiru, ba zan taɓa sani ba. Amma dangin mijina ba za su kwanta ba in kai kaɗai ne. A sa mutum na biyu. Ga Malam nan, mijinka ne, idonsa zai fi na kowa kaifi."

Na ɗago. Ban san lokacin da ƙirjina ya buɗe ba. Ga shi a karon farko a unguwar an nemi Malam don kansa, ko da a inuwar matarsa ne.

"A'a," in ji Sista. "In ni ina da abin faɗa, na Malam ya fi nawa. Tun ranar da mai unguwa ya zo gidanmu bai cinye tuwonsa ba. In aka ba shi, ko gugar rijiyar ba zai bar wa Alhaji ba."

Aji ya fashe da dariya, har dattijon coci ya rufe baki da hula. Ni ma na yi, da haƙora kawai.

Mai unguwa ya tambayi Alhaji ko shi ya yarda, tunda an ce ana iya ramawa. Kansa a ƙasa ya ce, "In ta rama ma ba ta yi laifi ba." Wannan maganar ta fi duk sauran ƙona ni. Magana ce ta mutum biyu da suka san abin da suka sani, aka yi ta a ajina, a gabana.

Daga ƙarshe aka tsaya a kan dattijon da ya sayar da filin ya zama mutum na biyun. Da yake Sista ta riga ta buɗe hanya, mai unguwa ya tambaye shi ko shi ma yana da abin faɗa. Ya dogara sandarsa ya ce Alhaji ne ke sayen doyarsa duk kaka, wannan mata kuma jikokinsa ba sa biyan niƙa a wurinta, duka biyu ya ci nasu. Kowane ɓangare ya ce ya ji ya yarda. Aka ɗage zama.

Ita da mata suka yi gaba, ni na tsaya kulle aji. Da na isa gida ta riga ta ɗora tukunya. Na jira yara suka fita wasa, na ce me ya sa ba ta taɓa gaya mini ba.

"Na tambaye ka ko ka tabbata."

"Ba wannan ba. Tun farko."

"Tun farko ba ni ka tambaya ba, gwaggonka ka aika."

"Ai da kin iya tsayawa a rabi. Ya neme ki, shi ke nan. Ya ishe su."

"Rabin da zai yi maka daɗi? Minna cike take da 'yan Kagara. Ranar da Maman 'yan biyu ta ji sauran a bakin wani, duk abin da na yanke ya zama banza, ko da daidai ne. Kuma tsoron ramuwar fa? Shi ma Alhaji yana da haƙƙin a faɗa a gabansa."

"Haƙƙinsa ya dame ki ke nan."

"Raba su aka ce in yi, Malam."

Na ce, "Har yanzu..." na kasa ƙarasawa.

Ta zuba mini abinci ta tura gabana. "Duk yaran gidan nan naka ne na haifa. Ci abincinka."

Na ci. Amma ina ci ina juya amsar, na ga ba "e" a cikinta, ba kuma "a'a".

An yi 'yan Asabar ana zama. Ita da dattijon suka ji kowa, suka je wurin suka auna da igiya, suka tambayi maƙwabta. Ranar awon ina shagon wani tela a tsallaken titi, wai na kai gyaran wando. Ba ta dubi fuskar Alhaji ko sau ɗaya ba, in yana magana igiyar take kallo. Da ta dube shi da na ce ga shi ta dube shi. Da ta ƙi dubansa sai na ce me take gudu?

Dattijon ne ya faɗi hukuncin, da Hausarsa mai gargada. Injin ya zauna inda yake. Sauran bakin titin na Alhaji ne, ya yi shagunan da wurin zai ɗauka, ba jerin da ya so ba. Maman 'yan biyu ta juyar da bututun hayaƙin injin ya daina fuskantar shagunan, ta kuma bar masa hanyar da za a shiga da kaya baya. Rijiya a bar ta waje da katangar kowa. Ɗan sandan ya yi gunaguni a kan hanyar shiga da kaya, ƙannen Alhaji suka yi nasu a kan injin, amma ba wanda ya ce an yi masa rufa-rufa. Alhaji ya ce, "Na karɓa," tun kafin dattijon ya rufe baki. Na zauna ina auna hukuncin kamar mai awon hatsi. Inda aka ba shi, na ce tsohuwar zuma ce. Inda aka hana shi, na ce ashe har yanzu abin na yi mata ciwo, wanda aka manta kuwa ba ya ciwo. Ta kowace ƙofa na shiga, wuri ɗaya nake fita.

Ita ma ba ta fita lafiya ba. Haihuwar da matar Alhaji ta yi bayan nan ba a aiko ba, asibitin cikin gari aka kai ta. Babbar 'yarmu ta dawo daga ɗiban ruwa tana kuka, wai an ce da saura kaɗan ta zama 'yar Alhaji. Sista ta share mata hawaye ta ce da ba ita za a haifa ba, wata ce daban, ta koma ta ɗauko bokitin da ta bari. Da ta juya baya na ga ta daɗe tsaye a bakin murhu ba ta taɓa komai ba. Na so in ce mata wani abu mai sanyi, sai tunanin damina biyu ya hana ni. Matan da suka daina kai niƙa suka koma, samarin cocin suka watse, unguwa ta manta. Ni ne ban manta ba.

Da damina ta zagayo, wata rana ina dawowa daga wajen Bosso tayar kekena ta yi faci, ga ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Ina turawa a gefen titi sai wata a-kori-kura ta tsaya a gabana. Alhaji ne da kansa ke tuƙi. Kafin in ce wani abu ya fito cikin ruwan ya kama keken, muka ɗora shi a kan buhunan da ya rufe da tamfol. Ba yadda zan yi, na shiga.

Muka kama hanya, ruwa na dukan rufin motar. Can ya ce, "Malam, ni ya kamata in faɗa, ranar da aka kawo mini sunanta. Na yi shiru ne don na zaci zai amfane ni."

"Ka zaci har yanzu kana ranta," na ce.

"Na zaci." Ya goge gilashi da hannun riga. "Ashe ban san ta ba."

Wani sanyi ya ratsa zuciyata, irin wanda ban ji ba tun ranar ajin. Bai san ta ba. Amma sanyin bai daɗe ba, don nan da nan na tuna duk shekarun da yake ba ni hannu biyu a masallaci da wannan zaton a cikinsa. Ya ce gidansa ma sai da aka yi wata ba a yi masa magana mai daɗi ba. Ban ce Allah ya kyauta ba. Sai ya ce, idonsa a kan hanya, "Allah ya ba ka, Malam." Na kasa gane ko taya murna ce ko kuwa nadama.

Da muka kusa kwanar layinmu na ce ya sauke ni nan. Ya ce haba, ruwa bai tsagaita ba, bari ya kai ni ƙofa. Na san a irin wannan ruwan Sista kan fito bakin zaure ta tara baho a ƙarƙashin indararo. Na ce akwai wanda zan gani a kwanar. Ya taya ni sauke keken, ya ja motarsa, na tsaya har ta ɓace sannan na kama turawa cikin taɓo.

Tana bakin zauren kuwa, da baho a hannu. Ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "Duk motocin garin nan ba ka samu wanda zai rage maka hanya ba?"

Na ce na samu, ba hanyarmu ɗaya ba ce. Ta karɓi keken ta jingine, ta ce in shiga in sake kaya kafin sanyi ya kama ni, akwai sauran kunu a kan wuta.